Wankan Juma'a a Lungun Agwagi

Zangona na farko a ƙasar Jamus teburin kwastan ne. Wata mata mai safar hannu ta zuge jakata, ta zaro kilishin da na yi da hannuna, ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar ta tsinci mushe, ta jefa a kwandon shara. Ta kwance ƙullin yajin da matata Rabi ta daka mini, ta shinshina, ta yi atishawa, ta mayar mini da shi a buɗe. Na karɓa na ɗaure abina. Turancina na gaisuwa da ciniki ne, wanda na tsaya da shi a aji uku na sakandare. Ba ni da na faɗa.

Sunana Isyaku. Mahauci ne ni ɗan mahauci, daga Madabo a cikin birnin Kano, kuma gashi ne ya kai ni can. Wani Baturke mai gidan abinci, sunansa Yusuf, ya zo Kano bikin abokinsa, ya ci tsiren hannuna, ya nace sai an kai masa ni. Shi ya yi mini takardu. Sharaɗinsa a fili yake: in yi masa gashi a lokacin zafinsu, sa'ad da mutane ke cika bakin tafki. In aikina ya gamsar, ya sabunta mini takardu. In bai gamsar ba, in koma Madabo kafin zafin ya ƙare. Na riga na sayar da tukubata a gida, na bar wa wani gurbina a kasuwa. Komawa da wuri ba ta cikin abin da zan iya.

Zango na biyu tashar jirgin ƙasa. Ina tsaye gaban injin sayar da tikiti ban san inda ake dannawa ba, sai ga wani baƙin mutum cikin kwat mai tsabta. Ya kira ni ɗan'uwa, ya ce yana da aboki a Kano. Ya ce in miƙo ƙaramar jakata ya riƙe mini in samu hannun dannawa. Tikiti ya fito, na juya, babu shi babu jakar. Wuƙaƙen aikina ne a ciki, har da ta mahaifina mai ƙotar ƙaho. A wannan tasha na kafa wa kaina doka: duk wanda ya yi mini fara'a a ƙasar nan, hannunsa zan fara dubawa kafin fuskarsa.

Zango na uku shi ne ƙauyen da ke bakin tafkin, kuma a nan na tarar da Habu.

Habu ɗan Gwale ne. Ya riga ni zuwa ƙasar da shekara uku, na riga shi zuwa duniya da fiye da haka. Shi ne a kan wuta kafin in zo. Ranar da na iso aka mai da shi yankan albasa da wankin tire. Ya tare ni a ƙofa da hannu biyu a buɗe.

"Sarkin tukuba ya sauka! Yaya Isyaku, sannu da hanya. Ina kilishina?"

Na ce, "Kwastan sun cinye."

"Allah ya sa ya tsaya musu a wuya. To wuƙaƙen fa? An ce da ta Baba za ka zo."

Na gaya masa abin da ya faru a tasha. Ya yi salati, sannan ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa bango. Ya ce, "Yaya, da girmanka? Ɗan cikin ganuwa?" Ya shiga ciki ya ɗauko wuƙarsa ya ba ni aro.

Mutumin da aka karɓe wa wuta aka ba shi albasa, in ya yi fushi na san inda zan ajiye shi. Wannan kuwa dariya yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne, maigida Yusuf Jamusanci da Turkanci yake ji, Turancinsa bai kai nawa ba. Duk maganar da zai yi mini ta bakin Habu take isowa, duk wadda zan mayar ta bakin Habu take komawa. Maigida zai yi doguwar magana yana nuna wuta yana nuna ni, sai Habu ya ce, "Ya ce ka yi ƙoƙari." In tambaye shi, duk wannan maganar ke nan? Ya ce, "Sauran surutun Turkawa ne."

Aikin kansa bai ba ni wahala ba. Naman sa ne mai kyau, gawayin yana da ƙarko. Na tsara teburina yadda na saba: tsinke a dama, yaji a tsakiya, mai a hagu, ba mai taɓa mini. Cikin mako guda layi ya fara tsayawa a gabana.

Matsalar daga banɗaki ta fara. Mu ma'aikata a wani gidan katako muke kwana a bayan gidan abincin, maza da mata, banɗaki ɗaya, ƙofarsa gilashi ce mai duhu-duhu, babu sakata. Na haƙura ina watsa ruwa cikin sauri. Ran wata Alhamis sai na ga ɗaya daga cikin 'yan matan da ke kai abinci ta fito daga ciki da karenta a jiƙe sharkaf, ta yi masa wanka a daidai inda nake tsayawa. Gobe Juma'a. Na ce wa Habu ni ba zan yi wankan Juma'a a makewayin kare ba.

Ya ce, "To ga tafki nan."

Na ce, "Ka ga abin da ke bakin tafkin nan kuwa? Maza da mata a kwance kamar an shanya kaya, abin da ke jikinsu bai kai hankici ba."

Ya ce, "Ba nan ba. Ka bi ta bayan rumfar kwalekwale, ka wuce inda yashi ya ƙare. Akwai wani lungu cikin dogayen ciyayi, ba mai zuwa sai agwagi. Ruwan bai wuce ƙugu ba, ga ɗumi kamar an dafa maka."

Da hantsi na tafi. Yadda ya faɗa haka na tarar. Ciyawa irin kacala ta kewaye wurin, ruwan a kwance, agwagi suna ta harkarsu. Na shiga da wandona mai kaiwa gwiwa. Na yi wankana a tsanake yadda aka koya mini: niyya, hannu, tsarki, alwala, kai, sannan ɓarin dama, sannan ɓarin hagu, ina cuɗawa. Da na fito ban goge jiki ba. Malaminmu na Madabo ya hore mu da barin ruwan ibada ya bushe da kansa. Ban ce wajibi ba ne, amma a kan haka na tashi. Na zauna a kan wani kututture ina salati har rana ta busar da ni. Tun da na zo ƙasar ban ji daɗi irin na wannan safiya ba. Na tuna ƙofar gidanmu ranar Juma'a, ƙamshin turare da guga, yara suna jiran a ba su na alewa.

A motar zuwa masallacin Turkawa na ji ƙafafuna suna ɗan tsikari. Washegari na ga 'yan jajayen ɗigo. Na ce sauro ne, na shafa man kaɗanya, suka lafa.

Juma'ar da ta biyo na koma, na ma fi daɗewa. Kafin liman ya gama huɗuba ina susa kamar mai ƙazwa, Baturken da ke kusa da ni ya matsa. Ran Asabar na tashi da ƙuraje daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, ƙirji, baya, da ƙwauri duka biyu. Kowane ɗaya ya kumbura kamar ƙwayar dawa. Da na matsa kusa da wuta sai ƙaiƙayin ya zama wani abu dabam, kamar ana zuba mini yajina a ƙarƙashin fata.

Wata mata a layi ta dubi hannuna, ta dubi tsiren, ta janye ɗanta suka tafi. Maigida ya gani. Ya zo ya kama hannuna ta bakin riga, ya juya shi, ya yi magana mai tsawo fuska a murtuke.

Habu ya ce, "Ya ce ka sauka daga wuta."

"Sai me?"

"Ya ce Asabar mai zuwa ita ce babbar ranar kasuwarsa, akwai taron masu kwalekwale. In hannunka ya warke kafin nan, wutarka ce. In bai warke ba, ba zai iya ajiye mai ciwon fata a kan abinci ba."

"Wa zai riƙe wutar?"

Ya dubi ƙasa. "Ni mana, Yaya. Wa ke nan?"

Na miƙa masa wuƙarsa, na karɓi buhun albasa.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na zauna na bincika jikina. Na lura ƙurajen sun tsaya cak a ƙugu, sun kuma tsaya cak a gwiwa. Inda wando ya rufe babu ko ɗaya. Da irin wannan wandon nake kwana. Ke nan, a lissafina, abin daga shimfiɗa yake. Na ɗaga katifa na duba kowane ɗinki ina neman kuɗin cizo, ban ga ko ɗaya ba. Shimfiɗa kuwa mai tsabta da ke cizon mutum, ai an san ba ƙwaro ba ne. Wa yake wanke zannuwan gado a injin wanki? Habu. Wa ya ba ni sabulun da nake wanka da shi? Habu. Da wa nake cin abinci kwano ɗaya? Habu.

Na kira Rabi a waya na nuna mata hannuna. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baban Ummi, wannan ai ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Wa ka tare wa hanya?"

Na gaya mata. Ta ce, "Ɗan Gwale? Ka karɓe masa wuta kuma kake sa hannu a kwanonsa? Ka duba aljihun babbar jaka, na sa maka garin magarya. Ka yi tofi a ciki ka yi wanka da shi ranar Juma'a. Kuma don Allah ka daina cin abincinsa."

Na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na jefar da sabulun. Na naɗe zanen gado, na koma kwana a kan dardumata a ƙasa. Da Habu ya kawo shinkafa ya ce bismillah, na ce na ƙoshi. Na koma burodi da shayin da na dafa da kaina. Ya dube ni, ya dubi kwanon.

"Yaya, azumi kake yi ne ba ka gaya mana ba?"

Na ce, "Cikina ne."

Ya ce, "To Allah ya sawwaƙe." Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ɗauki kwanonsa ya fita waje.

Kafin Alhamis ƙurajen suka fara bushewa. Na ce to, ga shaida. Na daina taɓa abin da ya fito daga hannunsa, na samu sauƙi. Saura wankan magarya in rufe maganar, in karɓi wutata ran Asabar.

Safiyar Juma'a na tafi lungun da garin magarya a kofi. Na shiga ruwa, na yi tofi, na fara zubawa. Na gama ɓarin dama ke nan sai na ji ihu a bayana. Wata tsohuwa ce, mai ba da hayar kwalekwale, wadda nake wucewa ta gaban rumfarta ba mu taɓa gaisawa ba. Tana tahowa cikin ciyawa da dogon takalmin roba, tana ɗaga hannu tana faɗa. Abin da ya fara zo mini shi ne wurin nata ne, za ta kira mini 'yan sanda, takarduna sun ƙare. Na biyu kuma, wa ya gaya mata ina nan?

Ta yi mini alama in fito. Na fito ina kare ƙirjina da kofi. Ta fizgo tawul daga kafaɗarta ta nufo ni da shi. Na ja da baya na ce, "A'a, Baba! Subhanallahi!" Ta tsaya, ta harare ni, ta wurgo mini tawul ɗin, ta shiga dirzar hannunta da ƙarfi tana nuna mini. Na fara gogewa a hankali. Ta daka mini tsawa. Na dirza har fata ta yi zafi. Sai da na goge ko'ina ta ƙyale ni.

Sannan ta sunkuya ta tsinko wani abu a jikin ciyawa ta ɗora a tafin hannuna. Ɗan ƙaramin dodon koɗi ne, bai kai kan yatsa ba. Ta nuna agwagi, ta nuna shi, ta nuna ƙurajen hannuna. Ta sake yi: agwagwa, dodon koɗi, hannu. Na dubi ciyawar da kyau, sai na ga ashe duk jikinta su ne.

Ban yarda da ita nan take ba. Amma ta tsaya a kaina har na sa riga, ta tasa ni gaba zuwa wani kemis a cikin ƙauyen, inda 'yarta take aiki. 'Yar tana jin Turanci, kuma ta yi mini shi a hankali. Ta ce a nan suna kiransa ƙumar agwagwa, amma ba ƙuma ba ce. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani, a jikin agwagwa take zama. Ƙwanta yana fita da kashin agwagwa ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi ya yi girma a ciki. In ruwa ya yi ɗumi sai 'ya'yan su fito da safe suna neman agwagwa. In suka tarar da mutum sai su huda fatarsa bisa kuskure, su mutu a nan. Ƙaiƙayin faɗan jiki ne da gawarsu, kuma kowane karo ya fi na baya tsanani.

Na ce ta maimaita mini daga farko. Ta maimaita. Na ga abin yana bin juna, babu inda ya yi tsalle.

Ta ce wuri mafi muni shi ne ruwa marar zurfi, mai ciyawa, mai ɗumi. Abu mafi muni kuma shi ne mutum ya bar ruwan ya bushe a jikinsa. Ta tambaye ni me ya kai ni can, ga wurin iyo mai tsabta. Na ce neman sutura. Ba ta gane ba, ban kuma ƙara bayani ba.

Wani tsoro ya taso mini. Na ce mata a Kano mun san ciwon da dodon koɗi yake kawowa. Yaran da ke iyo a kududdufi suna fitsarin jini, muna ce masa tsargiya. Ta ce dangi ne, amma wannan ba ya rayuwa a jikin mutum. Na ce ta tabbata? Ta ce ta tabbata. Na ce zan iya shafa wa wani, ko ya shiga nama? Ta ce ko kusa.

Na ce, "To ki zo ki gaya wa maigidana da bakinki. Kada ki gaya wa kowa ya gaya masa."

Ta ba ni man shafawa da ƙwayoyi, da yamma kuma ta zo ita da uwar. Suka yi magana da maigida ni ina tsaye, Habu yana daga nesa yana juya tsire. Maigida ya saurara yana shafa gashin baki. A ƙarshe 'yar ta juyo ta ce mini ya yarda ciwon ba ya yaɗuwa, amma masu saye ba su san haka ba. Gobe zan hau wuta da riga mai dogon hannu a ɗaure har wuya, da safar hannu. In ya ga na yi susa sau ɗaya a gaban mutane, magana ta ƙare.

Dirzar tsohuwa ta rage, amma ba ta hana ba, don na riga na daɗe a ruwan. Na tashi Asabar da sababbin ƙuraje a kan tsofaffi. Ranar kuma aka yi zafin da ko a Kano sai a ce an yi zafi. Layi ya miƙe har bakin ruwa. Ina cikin riga a ɗaure, wuta a gabana, gumi yana bin kowane ƙurji yana tashinsa. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa a kan hannuna. Na cije leɓe na kama tsarina: tsinke, yaji, mai, juyi. Tsinke, yaji, mai, juyi. Wajen azahar na ji hannuna na dama yana tafiya da kansa zuwa damtsen hagu.

Sai na ji an ajiye abu a ƙafata, a bayan teburi inda masu saye ba sa gani. Bokiti ne cike da ƙanƙara da tsumma biyu a ciki. Habu ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka sunkuya kamar za ka ɗebo gawayi, ka danna a hannun. Ni zan juya maka."

Na dubi bokitin. Na sunkuya na shinshina ruwan tukuna. Ruwa ne. Na danna tsumman a kan rigar, sanyin ya ratsa, na samu numfashi. Haka muka yi har yamma, in ƙanƙara ta narke ya sake kawowa. Da nama ya ƙare maigida ya zo ya dubi tiren da babu komai, ya dubi layin da bai watse ba. Ya dafa kafaɗata, ya haɗa ɗan Turancinsa ya yi mini magana da kansa a karon farko: ni, wuta, shekara mai zuwa.

Bayan la'asar muka zauna a bayan kicin, ni da Habu. Ruwan ƙanƙara ya jiƙa masa wando, sai ya naɗe shi har gwiwa. A nan na ga ƙwaurinsa. Baƙaƙen tabo ne ƙanana birjik, tsofaffi, sun tsaya cak a gwiwa.

Na ce, "Habu, mene ne wannan?"

Ya dubi ƙafarsa. "Na shekarar da na zo ne. Na sosa har suka yi ruwa."

"A ina ka samo su?"

Ya shafa tabon. Sannan ya ce, "Wanda na tarar a kan wuta, wani ɗan Zariya, shi ya nuna mini lungun."

"Ka san abin da ke ruwan, ka tura ni."

"Wallahi Yaya, ni ban taɓa kawo ruwan a raina ba. Na ɗauka ɗan Zariyan ne ya yi mini aike. Wata biyu ban ci abincinsa ba. Har ya bar garin nan ba ma gaisawa."

"To me ya hana ka komawa wanka can?"

Ya ce, "Sanyi ya shigo. Daga baya kuma na saba da banɗakin." Ya sauke ƙafar wandonsa. "Ka yarda ko kada ka yarda. Bokitin dai ni na kawo."

Na auna maganar ta kowane ɓangare, a ranar da kuma bayanta. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, don ni ma da idona biyu na zargi zanen gado na bar tafki. Mai yiwuwa kuma ya sani, ya tura ni, daga baya abin ya dame shi. Ban samu hujjar da za ta yanke ba, ni kuma ba na yanke hukunci babu hujja.

Da magariba ya kawo shinkafa ya ajiye a tsakaninmu, ya ce bismillah. Na wanke hannu na matso. Daga ranar har na gama shekaruna a garin, kwano ɗaya muke ci ni da Habu. Sai dai kullum nakan jira ya fara kai loma.